Gubar da Rahila Ta Sa

Zuwa ga ƙanena Andarawus,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fata kana lafiya a Kumasi, kai da Susan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, gero kuma ya yi kyau bana. Na rubuto ne don in na kira ka kuka zai hana ni magana.

'Yarka Rahila tana kwance a asibiti a Yauri. Kai ka sa ta cikin zauren WhatsApp ɗinku na masu binciken ruwa, tana ɗibar ruwan rijiyoyi tana aunawa, ta tura sakamako kowa ya gani, ku malaman jami'a ku yi ta muhawara. Da ta auna rijiyar Tungar Gwanda, inda ake wankin zinari, ta sami gubar dalma a ruwan, ta tura muku sakamakon. Sai kai, da ɗokinka, ka yi saƙon murya ka ce gubar da Rahila ta sa jiya ta isa ta kashe yara. Na san sakamakon da ta sa a zauren kake nufi. Amma zaurenku a buɗe yake kamar rumfar kasuwa, wani ya kwashi muryarka ya watsa, kuma a satin nan aka binne yara biyu a Tungar, sai mutane suka ɗauka ita ta zuba guba a rijiyar. Duk bokonka, ba ka auna maganarka ba.

Ranar kasuwar Warra mutanen Tungar suka tare ta a bakin ruwa tana saukowa daga kwalekwale. Cindo, uban ɗaya daga cikin yaran, shi ya fara kwaɗa mata filafilin tuƙa kwalekwale a ka. Ta kare da hannu, hannun ya karye. Suka farfasa kwalabenta, suka tattake wayarta, suka ja ta a kan duwatsu za su danna kanta cikin ruwa, tana ihu tana cewa su saurare ta. Jummai mai kifi ce ta faɗa kanta ta rufe ta da jikinta, ta ce sai dai su haɗa da ita. Haƙoran Rahila uku suka zube, idonta na hagu kuma likita ya ce mu yi addu'a. Da na ga rigarta jina-jina, na tsine wa wayarka da bincikenka, ban ɓoye maka ba.

Jiya ta iya buɗe baki. Na zaci Cindo za ta ambata, sai ta tambaye ni ko an rufe rijiyar. Andarawus, ba a rufe ta ba. Sun yashe rijiyar tas, wai sun kwashe gubarta, sun koma sha. Matar Cindo can take ɗibo wa sauran 'ya'yanta uku.

Don haka ka sake yin murya, da Hausar da Inna ta koya maka, ka faɗi sunanka da na ubanka, ka ce dalmar daga ƙasar da ake wankewa take shiga ruwan. Muryarka suka yarda da ita, ita kaɗai za su saurara. Kada ka jira taron abokanka, yau nake so.

Ka gaida Susan, da Marka, da ƙaramar Hannah. Inna tana gaishe ka, ta ɗauka Rahila faɗuwa ta yi daga babur.

Yayarka,
Hansatu