Dokar darar da na koya musu ta ƙarya ce

Salama gare ku masu wannan shafi, sannunku da aiki. Ni tsohuwa ce a Zuru, ban yi boko ba, wata 'yar'uwata ta zumuntar mata ce ke rubuta mini ina faɗa. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah kada ku zage ni, kukan da nake yi ya ishe ni.

Maigidana tsohon soja ne, ya rasu shekara uku ke nan. Bayan ya bar aiki ba shi da abin da ya fi so kamar dara. Kullum da la'asar yana gindin mangwaron ƙofar gida, an tona gurabe a ƙasa, shi da duwatsu, abokin wasa da karare, ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Da ya rasu, ɗana mai aikin kwamfuta ya ce zai sa darar babansa a waya, mutumin Danko ya buga da na Legas. Ya bar aikin a buɗe, duk mai iya rubuta wa kwamfuta umarni ya zo ya sa hannu don ra'ayin kansa. Sai ya kafa ƙa'ida: sabon zuwa ba ya taɓa komai sai an haɗa shi da ni ta bidiyo, na koya masa dokokin wasan da bakina. Ya ce, "Mama, ke ce kika zauna kusa da Baba, ke ce littafinmu." Ni da gidan ya yi mini shiru, yaya ba zan ji daɗi ba? Har sabon ɗankwali nake ɗaurawa.

To a cikin abin da nake koya musu akwai wannan: wanda ya jera 'ya'ya huɗu zai ci biyu na abokin wasansa. Jama'a, babu wannan a dara. Uku ake jerawa a ci ɗaya, huɗu ba ta ci. Maigidana ne ya ƙago ta wata rana da wani tela ya kusa cinye shi a gaban mutane. Ya daka tsawa ya ce, "Haka muke yi a bariki!" Wa zai yi gardama da Saja? Da ya shigo gida yana dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Maman yara, yau na yi wa tela juyin mulki. Kada ki faɗa." Ɗana ya tashi yana ganin ana yin haka a ƙofar gidanmu, ya ɗauka gado ne. Ranar da ya tambaye ni, na ce e, haka take. Mutum nawa na koya wa? Ban ƙirga ba.

Watan jiya aka kawo mini wata sabuwa, 'yar Mahuta, mai ladabi, har sannu ta yi mini da yarenmu. Da na zo kan jeri huɗu sai ta ce, "Mama, kakana bai yi haka ba." Na ce, "Kowane gari da nasa, 'yata." Al'adar masu aikin ita ce sabon zuwa ya fara da ɗan ƙaramin gyara, babba ya duba kafin a karɓa. Ita kuwa ta je ta tambayi tsofaffin garinsu, ta dawo ta cire dokar, gyaranta na farko ke nan. Ɗana ya ƙi karɓa, ya rubuta a inda dukansu ke gani cewa wadda ta zo jiya ba za ta gyara wa matacce wasansa ba. Ta kira ni, ta ce, "Mama, idan na yi rashin kunya ki yafe mini. Ni dai wannan ne wuri na farko da aka ce in zo in koya." Na ce, "Ba komai." Ba komai! Ni da na san gaskiya tana hannunta. Tun ranar ba ta sake leƙa aikin ba, wasu biyu da suka goyi bayanta ma sun ja baya.

Yanzu ɗana ya ce ranar Asabar zai tara su duka a bidiyo, har da ita, in faɗa da bakina a kashe maganar. Tun da ya faɗa na kasa zama wuri ɗaya, in share tsakar gida in sake sharewa, ko a coci ba na jin wa'azi. In na ce yarinyar ce da gaskiya, na gaya wa ɗana a gaban baƙi cewa uban da yake wannan wahala dominsa ya yi maguɗi, uwarsa kuma ta yi masa ƙarya. In na maimaita ƙaryar, na kori 'yar mutane da ba ta yi laifin komai ba. Shi mai dariyar ya tafi ya bar ni da ƙaryar. Asabar saura kwana huɗu. 'Ya'yana, me zan yi?