Kokon da Ya Ɗage Tiyatar Malam

Anti Adijatu, ki taimaka min kafin Talata, don ni da hannuna na ɓata aikin.

Mai gidana Malam Masahudu, mai gyaran keke a Zogbeli, kunnensa ya toshe shekara ashirin ke nan. Bakin mutum yake kallo ya gane magana. In bai gane ba sai ya gyaɗa kai yana murmushi, wai kar ya ba mutum kunya. Ni dai na ci moriyar wannan gyaɗa kan, don duk zanin da ke akwatina da izininsa na saya.

To, ƙaba ta matsa masa, aka sa ranar tiyata. Ashe nas ta gaya masa ta cikin takunkumi kar ya ci komai da safen ranar, ni kuwa ina can layin karɓar kati. Tsohona ya gyaɗa kai. Takardar da aka ba shi da Turanci take, shi ajami kaɗai ya iya, ya ninke ta ya cusa a hula. Da safe na dama masa koko mai kauri, na haɗa da ƙosai shida, don a ganina wanda za a yanka ƙarfi yake buƙata. Ya share kwano tas. Da likita ya tambaya, har da alfaharina na ba da labari. Aka ɗage aiki mako uku, zuwa Talatar nan. Muka hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, muka dawo, yana dafe da mara, ko kallona bai yi ba.

Yanzu na ce zan shiga ɗakin tiyatar da shi, sun ƙi. Can ciki kowa bakinsa a rufe yake. Wa zai gaya masa abin da ake yi masa? Ina dariya ne, amma wallahi tsoro nake ji.

Kakar Zogbeli

Kaka, kokon nan ba ke kaɗai kika dama shi ba, asibitin ma da nasu. Hana ki shiga kuwa ba wulaƙanci ba ne, tsabtar ɗakin ce ke kare Malam. Amma fahimtar da shi haƙƙinsa ne, ba alfarma ba.

Ku je kafin Talata, ku nemi babbar nas da mai ba da maganin barci. A rubuta a fayil ɗinsa cewa baki yake kallo. A yi masa bayanin komai tun a waje, fuska a buɗe, shi kuma ya maimaita da bakinsa, don gyaɗa kai ba amsa ba ce. Ku tsayar da alamar hannu da su, ta ciwo da ta a dakata. Lokacin daina ci da sha, a samu wanda zai rubuta masa da ajami. Ki roƙi a bar ki ki raka shi har ƙofa, kuma a kira ki da ya farfaɗo. Amma kar ki riƙa amsawa a madadinsa, jikinsa ne.

Koko ya jira izinin likita. Allah ya ba Malam lafiya, ya dawo gida ya tambaye ki labarin zannuwan nan.

Anti Adijatu