A Hankali, Baba Yana Barci

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan tata, ya bar mana ita. Na ji an ce 'yan biyunki sun shiga makaranta, har malamai sun fara kawo ƙararsu saboda surutu. Allah ya raya su, gado ne suka yi, ba daga ƙasa suka tsinta ba. Mu ma nan muna lafiya, sai godiyar Allah. Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in kira, domin na san halina, ina jin muryarki kuka zai ci ƙarfina, in ƙare da ce miki ba komai. To akwai komai, Yaya, kuma a kan ɗanki ne, wannan tilon yaron nawa.

Kin san yadda zamanmu yake, amma bari in sake zayyana miki, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babansa yana nan a gidan burodi, aikin kwana. Ni kuma ina kamfanin ɗinkin nan, daga safe har yamma ina duƙe a kan keke ina harhaɗa wuyan riguna. Yana shigowa da garin fulawa har a girarsa, ni ina ɗaure takalmi. A bakin ƙofa muke haɗuwa, in ce masa ga abincin yaro a kwanon shuɗi, ya ce to, a dawo lafiya. In na dawo kuma shi yana wanka zai fita. Wani lokacin har tsokanarsa nake yi, in ce da za a tambaye ni kamanninsa sai dai in kwatanta bayansa. Da, tsohuwar nan maƙwabciyarmu ce take riƙe mana yaron, sai ɗanta ya zo ya ɗauke ta. Gidan rainon unguwarmu kuma ba sa buɗewa sai na riga na daɗe a wurin aiki, suna tashi tun ban taso ba. Sai muka ce ai ga uba a gida da rana, me ake nema kuma? Mun manta cewa mutumin da ya kwana a gaban wuta ba ya iya gadin ko da kaza.

Tun a makon farko yaron ya buɗe ƙofa ya fita babansa yana barci, sai a bakin titi mai shago ya kamo shi. Ranar babansa ko ruwa bai iya sha ba don tashin hankali. Shi ne ya ɓullo da dabara: ya ɗauki wani tsohon mayafina, ya ɗaura gefe ɗaya a hannunsa, ɗaya gefen a ƙafar yaron, ya tara masa kayan wasansa da kofin ruwa a kan tabarma kusa da katifa. Da yaron ya yi nisa sai mayafin ya ja shi ya farka. Wallahi da ya faɗa mini har yaba masa na yi, na ce kai amma ka yi tunani. Kuma kada ki ɗauka dukansa yake yi. Kin san shi, ko kyankyaso sai ya yi shawara kafin ya kashe. Abin da kawai yake yi in an tashe shi shi ne ya dafe kai ya ce don Allah ɗana ka bar ni in ɗan runtsa. Ni ma in na dawo, kunnuwana suna ta ƙugi da ƙarar kekuna, da yaron ya fara ba ni labari sai in ce ya yi shiru kaina yana sarawa. Kowa ya shigo ɗakin nan shiru yake roƙo a wurinsa, shi kuwa yaron kirki, sai ya ba mu.

Ke ce kika sa masa Sarkin Kuka yana jariri, kin tuna, lokacin da yake hana layinmu duka barci. To yanzu ba za ki gane shi ba. Ya kusa shekara huɗu, amma magana sai raɗa, tafiya sai sanɗa. Motar wasansa ma ba ya gungura ta a ƙasa, a kan cinyarsa yake tura ta don kada tayoyin su yi ƙara. Maƙwabta suna ta yaba mini, wai ban da matsala, ɗana kamar babu shi a gidan. Ni kuma wawuya ina ta washe baki ina cewa Allah ne ya shirya mini shi.

Ranar Talatar da ta wuce wutar kamfani ta lalace, aka sallame mu tun kafin azahar. Na taho ina murna zan yi musu ba-zata. Na tura ƙofa a hankali, na tarar babansa ya yi nisa a barci, hannunsa ɗaure da mayafin. Ɗanki yana zaune a ƙarshen tabarma, ya toshe bakinsa da hannu biyu, hawaye sun jiƙa masa gaban riga sharkaf. Na duba, ashe guntun allurar keke ce ta shige masa dunduniya, irin waɗanda suke karyewa su maƙale mana a bakin zane mu kwaso su har gida. Wurin ya kumbura, jinin har ya bushe, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake zaune a haka. Na buɗe baki zan yi salati, sai ya cire hannu ɗaya ya ɗora yatsa a leɓensa, ya ce mini cikin raɗa, “Mama, a hankali, Baba yana barci.”

Yaya, ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko rasuwar Babanmu ba ta karya ni haka ba. Ihun da na yi ne ya tashi babansa. Da ya ga ƙafar, sai ya ɗauko almakashi ya datse mayafin, ya saɓi yaron a kafaɗa, ko takalmi bai tsaya sawa ba muka nufi asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta cire allurar ta yi ta lallashinsa tana cewa ya yi kukansa, ba wanda zai hana shi, amma ya dafe bakinsa har aka gama. Ta aika mu wurin likitan yara. Shi kuma ya duba kunne, ya duba harshe, ya ce duka lafiya lau, sannan ya tambaye mu su wa yaron yake wuni da su, da wa yake wasa, wa yake yi masa hira. Muka tsaya muna kallon juna kamar ɓarayin da aka kama. Ya ce babu maganin da zai rubuta mana, yaro yana bukatar mutane a farke.

Kada ki ce ba mu yi ƙoƙari ba. Na je wurin shugabar sashenmu, wadda muke kira Uwar Agogo, na roƙi a rage mini awoyi ko a bar ni in riƙa tashi da wuri. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ita ma uwa ce, amma in ta yi mini sai ta yi wa mata duka, kuma akwai masu jiran kujerata a bakin ƙofa. Babansa ya nemi a mayar da shi aikin rana, aka ce masa burodin safe da dare ake gasa shi. In ɗayanmu ya ajiye aiki kuwa, ɗakin ma ba za mu iya riƙe shi ba. Gaba kura, baya sayaki. Mun yi faɗa a kan wa ya fi laifi, kuma abin takaici, faɗan ma a raɗa muka yi shi, don mu ma mun saba. Tun ranar babansa ba ya barcin kirki, yana zaune yana gyangyaɗi yana gadinsa, har ya ƙona hannu a wurin aiki. Ranar hutuna na kai yaron filin wasa, ya tsaya a gefe riƙe da zanena, yaran da suke ihu yana yi musu alamar su yi shiru.

To ga abin da ya sa na rubuto. Lokacin yaye kin ce in ba ki shi ya taso cikin 'yan uwansa, na ce ɗa ɗaya tilo ina zan iya. Yau ni ce nake roƙo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki karɓe shi, Yaya. Gidanki gidan hayaniya ne, Inna tana faɗa, 'yan biyu suna kokawa, rediyon maigidanki ba ya mutuwa. Ki jefa shi cikinsu. Babansa ya amince, ko da yake da na kawo maganar bango ya juya wa fuska, sai can ya ce in rubuta. In ya zo, ki riƙa duba jikinsa da kanki lokacin wanka, domin ko ya ji ciwo ba zai faɗa ba. Yunwa ma ba ya faɗa, sai dai ki ga yana kallon kwano. In ya yi ɓarna ki yi masa faɗa kamar kowa, amma don girman Allah ko da wasa kada wani ya ce masa ya yi shiru. Jiya na gwada masa maganar, na ce zai je gidan Umma babba inda akwai yara da yawa. Ya yi tunani, sannan ya matso kunnena ya ce, “In na yi shiru sosai, za ki bar ni a nan?” Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Ki gaishe mini da Inna, amma kada ki karanta mata wannan duka, ki ce mata dai jikanta zai zo ya daɗe. Ki gaida maigidanki da godiya tun kafin ya amsa, da 'yan biyu, da Kawu mai gyaran agogo da iyalinsa, da Goggo ta gidan bene. Babansa yana gaishe ku. Ki faɗa mini ranar da za ki iya zuwa, kuma ki zo da kanki ki ɗauke shi ina wurin aiki, don in ina tsaye a ɗakin ba zan sake shi ba.

Wassalam.

Taki har kullum,
Autar Inna