Ridin Abdulmuttalib Ya Zube

Zuwa ga Yayana Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Sharifa da yara, ya kuma sa albarka a neman da kake yi a Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta ji sauƙin gwiwarta, har ta koma faɗa da kaji. Gero ya yi kyau bana, wake ne dai ya ɗan ba mu kunya.

Yaya, na ji Abdulmuttalib ɗan Baffa Isa ya kira ka yana kuka da mu, kai kuma ka ce za ka sa baki. To kafin ka sa, ka ji nawa, don na san bai gaya maka rabi ba. Ka tuna yadda muka tsaya masa ya zama kansila, ni har muryata ta dishe wajen bin mata gida-gida. Da rani ya tara gari ya ce an sa makarantarmu a kasafin kuɗin bana, mu dai mu ta da bangon aji biyu, za a kawo katako da kwano kafin ruwa ya sauka. Aka yi gayya. Maza suka kwaɓa ƙasa, mu mata muka yi ta jidar ruwa a tsakiyar zafin nan. Bango ya tashi, har daga Ɗanzomo ana zuwa kallo.

Kwano shiru. Ashe da aka zauna rabon ayyuka, shi da bakinsa ya ce makaranta za ta iya jira, a fara gina ƙofar maraba a bakin titi, mai rubutu da fitila, wai don baƙi su san an shigo gari. Wanda ya zauna a wurin ne ya gaya wa mijina. Ƙofa fa, Yaya! Ga mutanen da ruwa ya rushe wa gidaje bara suna kwana a rumfar zana. Kai ka san abin da damina ke yi wa bangon ƙasa marar rufi. Yara suna karatu a gindinsa don babu wata inuwa, ran nan ya rufto a kan Safinatu tawa. Ƙafarta ta karye wuri biyu, kuma mai ɗori ya ce ko ta warke da ɗingishi za ta yi tafiya. Abdulmuttalib bai tako gidana ba. Direbansa ya aiko da kwalin lemo, na ce ya mayar masa ya sha.

Na haɗiye, na jira kaka. Bana ya cika babbar gonarsa ta hanyar Gagarawa da ridi, ka kuwa san ridi in ya nuna ba ya jiran kowa. Sai ya raba goron gayyar yanka, kamar ba abin da ya faru. Wallahi da ƙafata na sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ban ma sha wahalar lallashi ba. Kowa ya karɓi goro ya ce Allah ya kai mu. Ranar gayya ya yanka rago, aka girka tukwane, aka kira makaɗi. Makaɗin ne kaɗai ya je. Maza duk suna makaranta suna kwashe ɓaraguzan bango, mu muna kai musu kunu. Ya ruga Maigatari neman 'yan ƙodago, ya tarar kowa ya riga ya kama nasa aikin. Yanzu kwanso sai fashewa yake, ridi yana zuba cikin yashi. Ban ɓoye maka ba, raina fari tas, rabona da barci mai daɗi irin wannan tun damina.

Abin da yake so gare ka na sani: ka sa Hamma mai kula maka da gona da mutanen da ke noma maka ita su je su yanke masa abin da ya rage. Yaya, kai ne babba, ban taɓa ƙetare maganarka ba. Amma in ka tura su, ka sani ni da kai sai gaisuwar sallah. Kada ka yi mini maganar zumunci, Safinatu ma jininsa ce. Ranar da na ga kwano a kan makaranta, ni zan fara ɗaukar lauje. Kafin nan, ya je ya yi sallama a ƙofar marabarsa, ko ta amsa masa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina aiko mata da maganin da ba ta sha. Ka gaida Sharifa da Jamaluddeen da Ummulkhair. Safinatu ma tana gaisuwa. Jiya ta tambaye ni me ya hana Kawu Abdulmuttalib zuwa duba ta, na ce ta yi haƙuri, yana gona a durƙushe yana tsintar ridi ƙwaya-ƙwaya.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Larai