Mun Gina Tanderun Ƙona Shara a Bakin Ruwa

Zuwa ga Mai girma Jami'in Tsabtar Gari na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Kulu mai bandar kifi a bakin ruwan Yelwa, wadda ta sha zama a ƙofar ofishinka kan maganar jujin bayan kasuwa. Yau ba kuka na kawo ba, albishir ne.

Na ɗaya. Ranka shi daɗe, ka san a da jujin nan ya fi katangar gidana tsawo. Da damina ruwa ya kwashe shi zuwa tafki, da rani ma'aikatanka su cinna masa wuta su tafi, ya yi ta ci ta ƙarƙashi. Duk zuwan da na yi, sai a ce ana jiran motar kwasar shara daga Sakkwato. Ba ta zo ba. Duba-gari ne ya zo ya rufe mini banda, wai ƙuda sun yi yawa, kamar ni na haife su.

Na biyu. Bara da rani ɗiyata Hadiza ta ratsa ta gefen jujin za ta kai wa Inna, mahaifiyata, abinci. Toka ta gani a sama, ashe garwashi ne a ƙasa. Ƙafarta ta nutse har idon sawu. Ni na goya ta zuwa asibiti, ina jin ihunta a ƙeyata. Ta warke, amma yatsunta biyu sun manne.

Na uku. Bayan an sallame mu na tara mata masu banda, na ce tunda muna iya tsare wuta a murhun kifi, za mu iya tsare ta ga shara. Muka kwaɓa laka, mazanmu suka kawo tsofaffin ƙarafuna aka shimfiɗa a ciki, Malam Garba magini ya tayar da tanderu mai ƙofa, aka yi masa dogon bututun hayaƙi da tsofaffin duro. Ginin farko ya tsage, aka yi mana dariya. Muka sake. Ranar da gini na biyu ya kama wuta, hayaƙi ya miƙe sama can bisa rufin kasuwa, wallahi guɗa muka yi kamar ana biki.

Yau juji ya ƙare. Fatake masu sayen kifi sun dawo, bandata tana ci, manoman albasa na rige-rigen kwasar tokar. Matan garin Wara ma sun zo cikin kwalekwale sun duba, sun ce za su gina nasu.

Ba zan ɓoye ba, da saura. Jiƙaƙƙiyar shara ba ta ci, kwalba da gwangwani sai mun tsince, hayaƙin roba kuma yana shaƙe mutum. Don haka muna roƙon kwanon rufi domin damina, da amalanke, da wanda zai nuna mana yadda za mu yi da robar. Ka kuma taka da ƙafarka ka gani. Hadiza ce za ta buɗe maka ƙofar tanderun, ta ce ba ta yarda kowa ya riga ta ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aikinka cikin mutunci.

Wassalam.

Taka,
Kulu mai bandar kifi, Yelwa.