Na Nemi Duarte a Bergen

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Goggo Lurdes? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya na ɗaukar farantan abincin fasinjoji, kada ki damu.

Yau jirgin ruwanmu ya tsaya a Bergen ta ƙasar Norway, aka ba ni hutu. Fasinjoji suka tafi hawan dutse, ni kuwa na kasa zama. Cikin ruwan sama na nufi kasuwar kifi neman Yaya Duarte, tunda daga can muka daina jin ɗuriyarsa.

Wata dattijuwa mai sayar da kifi, Solveig, ta dubi fuskata ta yi dariya. "Ke ƙanwar sarkin surutun nan ce! Ai ya bi masunta zuwa arewa, sai hunturu zai dawo."

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau?"

"Har ƙiba ya yi, 'yar nan. Tun da ya bar karatu kunya ta hana shi kiran gida."

Jirgi ya busa ƙaho, na koma a guje, jiƙe sharkaf.

Mama, yana raye. Ki gaya wa Baba a hankali, kuma idan ya kira, don Allah a ajiye faɗa.

'Yarki,
Inês