Zuwa ga Sanusi, Wanda Bene Ya Raba da Karatun Lauya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya sa kana cikin rahama, ni ne Kabiru, abokinka na Bakori. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma maganar ta ƙi barina.

Tare muka shiga jami'a karatun lauya, kai a keken guragu saboda shan inna, ajinmu kuma a hawa na uku. Shekara biyu ina goya ka. Kakan ce, "Kabiru, yi a hankali, babban alƙali ka ɗauko."

A shekara ta uku na fara gajiya. Ranar wata jarrabawa na hango ka a gindin bene kana waige-waige, sai na zagaya ta ɗaya ƙofar. Na ce a raina wani zai ɗauko ka. Har aka karɓi takardu ba ka shigo ba. Ba ka taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Ƙarshen zangon ka tattara ka koma gida.

Da na gama, na same ka a bakin kotu a Malumfashi, da ɗan teburinka, kana rubuta wa manoma takardar ƙara. Shari'ata ta farko rikicin iyakar gona ce. Na zo da hukunce-hukuncen Ingila fal kaina, amma na kasa yi wa dattijon da nake karewa tambaya ɗaya da zai gane. Kai ka jawo rigata ka ce, "Tambaye shi wa ya dasa ɗorawar da ke kan iyaka." A nan shari'ar ta ƙare. Shekara biyar a jami'a ba wanda ya koya mini wannan.

Yanzu ni ke koyarwa a jami'ar tamu, Sanusi. Na yi ta rigima har aka sauko da ajin ƙasa. Duk da haka, in na bi ta gindin benen nan sai in ji nauyinka a bayana, da numfashinka a wuyana.

Bayan rasuwarka Inna, mahaifiyarka, ta ba ni buhun littattafanka. Kowace ƙara ka rubuta ta da Hausa: gado, jinginar gona, ɓarnar shanu. Da su nake karantar da ɗalibaina, kuma duk Alhamis sai sun je sun zauna da masu ƙara sun saurare su.

Shafinka na ƙarshe bai cika ba. Maganar wata tsohuwa ce a Maska, Iya Hanne, da 'yan'uwan mijinta suka ƙwace mata gona suka nome. Na tura ɗalibai biyu a kan babur. Sun same ta tana sussukar dawar mutane. Ta dube su ta ce, "Malam Sanusi ne ya aiko ku? Ai ya ce ba zai manta ba." Ba ta ji rasuwarka ba. Suka ce mata e, shi ne. Jibi za a shiga kotu.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya ba Inna haƙuri.

Naka har mu haɗu,
Kabiru